Yadda ake mayar da jiki bayan muguwar rama

Ni tela ce a Zariya, shekara goma sha ɗaya ina kan keke. Tef ɗin awon da ke rataye a wuyana shi ya fara gaya min gaskiya tun kafin sikeli ya faɗa. Cikin wata huɗu na rage rigunana sau uku. Awarwaron da ke tsayawa a wuyan hannuna ya koma zarcewa har kusa da gwiwar hannu, ƙashin wuya ya fito, idan na taka keke na rabin awa sai jiri ya ɗebe ni. Masu kawo ɗinki kuwa kowa da abin da take faɗa: wannan ta ce sammu ne, waccan ta ce tunani ne, wata ta ja ni gefe ta tambaye ni ko maigidan ne ba ya ajiye abinci. Ranar da na hau sikelin asibiti ya nuna kilo 41, tsayina kuma mita 1.62.

Na rubuta wannan ne domin 'yar'uwar da take cikin halin da na shiga, da wanda yake jinyar mai irin wannan rama. Da mace nake magana don ita na fi sani, amma duk abin da ke nan ya shafi namiji.

Ki fara da sanin ko ramar taki ta kai a damu. Akwai siririn halitta, wanda haka gidansu suke, yana cin abinci, yana aikinsa da ƙarfinsa, nauyinsa bai motsa ba shekara da shekaru. Wannan ba shi da wata matsala sai bakin mutane. Akwai kuma wanda yake zubewa. Lissafin da ma'aikatan lafiya ke yi bai da wuya, da wayarki ma za ki yi shi. Ki ninka tsayinki na mita da kansa, sannan ki raba nauyinki na kilo da abin da ya fito. Nawa 1.62 sau 1.62 ya ba da 2.62, aka raba 41 da shi ya ba da 15.6. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, babban mutum da lissafinsa ya gaza 18.5 ramamme ne, wanda ya gaza 16 kuwa ramarsa ta yi tsanani. Ko da lissafinki bai faɗi ƙasa haka ba, idan kin zubar da kashi 5 cikin 100 na nauyinki cikin wata shida zuwa shekara ba da niyya ba, misali mai kilo 60 ta wayi gari tana 57 ko ƙasa, wannan abin kai wa likita ne.

Na ce likita, domin kuskuren da ya fi cutar da ni shi ne neman ƙiba kafin neman dalilin rama. Tulun da ke yoyo, duk ruwan da kika zuba masa ƙasa zai sha. Ni tarin fuka ne ke cina. Ina ɗan tari wanda na ɗauka na ƙurar yadi ne, zazzaɓi mai sauƙi da yamma, gumi da dare har sai na canza riga, ga abinci ya fita daga raina. Da aka gwada kakina aka ɗauki hoton ƙirji sai ga shi. Duk tarin da ya kai mako biyu a je a gwada. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, ana shan maganin wata shida ba fashi, mu nan Zariya ma muna da babbar cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa a Saye. Idan ba tari ba ne, likita zai duba ciwon suga, musamman in akwai yawan ƙishi da yawan fitsari, zai duba cuta mai karya garkuwar jiki, da tsutsar ciki, da gyambon ciki, da ƙarancin jini, da ciwon maƙoƙo irin wanda ke sa bugun zuciya da rawar hannu da jin zafi alhali mutum yana ci yana ramewa. Kada ki ji kunyar ko ɗaya daga cikin gwajin nan. Jini ne kaɗan a sirinji, sakamakon kuma tsakaninki ne da likita.

Wani dalilin ba ya fitowa a jini. Damuwa tana kashe sha'awar abinci ƙurmus. Akwai kuma yarinyar da take tsoron abinci, tana ganin kanta da ƙiba alhali ƙashi ne da fata, tana ɓoye tuwonta ko ta je ta amayar da shi. Wannan ciwo ne mai kisa, faɗa da gori ba sa warkar da shi, likitan ƙwaƙwalwa ake kai ta, kuma a kai ta da wuri.

Yanzu ga maganar da ta fi ci min rai. Kafin na je asibiti wata maƙwabciyata, da kyakkyawar niyya, ta kawo min 'yan ƙananan ƙwayoyi farare a ƙulle cikin leda, abin da ake kira sha-ka-fashe. Na sha fiye da wata guda. Kumatuna suka ciko, ciki ya ɗan turo, mutane suka fara cewa masha Allah jiki ya dawo. Amma cinyoyina da damatsana suna nan kamar sillen kara, tarin kuma ya ƙaru. Da na nuna wa likita ragowar ya gane ta nan take, Dexamethasone ce. Magani ne na gaske mai ƙarfi da ake bai wa marasa lafiya don wasu cututtuka, a ƙayyade. Abin da yake yi wa mai neman ƙiba shi ne ya tara ruwa a jiki, ya tara kitse a fuska da ciki da bayan wuya, ya kuma cinye tsokar hannu da ƙafa. Yana jawo hawan jini da ciwon suga, yana rarake ƙashi, yana sa fata ta yi laushi ta tsage da nankarwa. Mafi muni gare ni, yana danne garkuwar jiki, wato ni da kaina na buɗe wa tarin ƙofa. Ɗaya ƙwayar da ake haɗawa da ita, ko a sayar da ruwanta a kwalba da sunan maganin cin abinci, ita ce Cyproheptadine. Asalinta maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, tana buɗe ciki, tana kuma sa barci mai nauyi da jiri, an kuma samu waɗanda ta taɓa wa hanta.

Idan kin riga kin yi makonni kina shan Dexamethasone, don Allah kada ki karanta wannan ki watsar da ita yau. Jiki yana da nasa sinadarin mai aiki irin na ƙwayar, yana kuma daina haɗa shi idan ya saba samun na waje, yankewa lokaci guda na iya sa jini ya faɗi mutum ya suma, har a rasa rai. Ki ɗauki ledar ko kwalin ki kai wa likita, shi zai riƙa rage miki a hankali. Haka aka yi min.

Abu na biyu da mutane ba su sani ba shi ne haɗarin kwanakin farko. Ranar da aka gano ciwona, Innata ta zo da kaza biyu da kwanon fura, ta ce sai na cinye a gabanta. Ma'aikaciyar abinci ta asibitin ce ta zaunar da ita ta yi mata bayani. Jikin da ya daɗe cikin yunwa ya ƙarar da ajiyarsa ta wasu gishirin jini, fosfet da fotasiyam da magnesiyam. Idan aka danƙara masa abinci mai yawa lokaci guda, musamman mai suga da sitaci, ɗan abin da ya rage a jini sai ya ruga cikin tsoka, jinin ya zama fanko. Daga nan zuciya ta rikice, ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi wuya, mutum ya ruɗe ko ya yi jijjiga. A 'yan kwanakin farko na komawa cin abinci abin ke faruwa. Waɗanda suka fi shiga haɗarin su ne wanda lissafinsa ya gaza 16, da wanda ya yi fiye da kwana goma kusan ba ya cin komai, da wanda ya zubar da fiye da kashi 15 cikin 100 na nauyinsa cikin wata uku zuwa shida. Idan kina cikinsu, a ƙarƙashin idon likita za ki fara. Ni an ɗebi jinina, an ba ni ƙwayar bitamin B1, aka ce makon farko in riƙa cin kamar rabin abin da mai lafiya ke ci, a rarrabe, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan bayan kwana bibbiyu. Inna ba ta so ba, amma ta haƙura, kajin aka riƙa ba ni romonsu da 'yar tsoka.

Bayan an wuce wannan gaɓar sai aikin gina jiki na gaske, kuma a madafinki yake. Abin da ake nema shi ne ƙarin kalori 300 zuwa 500 a rana a kan abin da jikinki ke ƙonawa, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Da jin lambar kamar abu ne babba, amma dubi yadda take haɗuwa. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kalori wajen 120. Gyaɗa cikin tafin hannu, kamar giram 30, wajen 170. Dafaffen ƙwai ɗaya wajen 75, da furotin giram 6, wato sinadarin da ke gina tsoka. Cokali biyu na mai a cikin abincin yini, da gyaɗa tafi ɗaya, da ƙwai ɗaya, kin kusa 500 ke nan ba tare da kin ƙara girman malmala ba. Wannan ita ce dabarar gaba ɗaya ga mai ƙaramin ciki: a ƙara wa lomar nauyi, kwanon ya tsaya yadda yake.

Ramamme ba ya iya cin tuwo malmala biyu, ganin tulin abinci ma yana tayar masa da zuciya. Don haka na koma ci sau shida a rana a ƙaramin faranti, kuma da agogo nake ci, ba na jiran yunwa, domin yunwar ba ta zuwa. Bayan sallar asuba ina shan maganin tarina cikin ciki ba komai kamar yadda aka umarce ni, in jira awa guda, sannan in sha kunu kofi ɗaya da ƙwai. Da hantsi gyaɗa da ayaba, ko dabino huɗu da kantun riɗi. Da azahar garau-garau, wake ya fi shinkafar yawa, da mai wadatacce da ɗan kifi, wata rana ɗan wake da ƙwai, wata rana alala. Bayan la'asar fura da nono, ko awara guda biyar. Da dare tuwo 'yar ƙaramar malmala da miyar taushe wadda ta sha gyaɗa, ko kuka da man shanu. Kafin in kwanta madara mai ɗumi rabin kofi. A gefen kekena akwai gwangwani da ba ya rabuwa da soyayyar gyaɗa da aya.

Kunun nan shi ne ƙashin bayan komai, shi ake kira Tom Brown, bari in faɗi yadda nake haɗa shi. Gwangwani shida na gero, ko ki raba shi da dawa da masara, gwangwani uku na waken suya, gwangwani ɗaya na gyaɗa. Ki tsince kowanne, ki wanke geron ki shanya ya bushe ƙarau. Gyaɗar ki zauna ki tsince ta da kyau, duk wadda ta yi baƙi, ta motse, ko take warin fumfuna ki zubar, domin fumfunar gyaɗa da masara tana ɗauke da guba mai lalata hanta, suya kuma ba ta kashe ta. Ki soya kowanne daban a tukunya ba mai. Waken suyan shi ke buƙatar haƙuri: wuta kaɗan, ana juyawa har ya yi ruwan ƙasa, ƙamshi ya tashi, ɗanyen warin nan ya tafi. Wanda bai soyu ba yana kumbura ciki, jiki kuma ba ya cin moriyarsa yadda ya kamata. Ki ɓarza shi ki bushe dusar, ki murje bawon gyaɗar, ki haɗa duka da 'yar citta da kanumfari a kai inji. In an dawo da garin ki baza shi ya huce kafin ki rufe a roba mai murfi. Ba na yin wanda zai wuce mako biyu zuwa uku, saboda man gyaɗar da ke ciki yana sa shi ɗaci in ya daɗe.

Wajen damawa, ki kwaɓa cokali uku ko huɗu da ruwan sanyi, ki zuba a tafasasshen ruwa kina juyawa, ki bar shi a kan wuta kamar minti biyar zuwa goma ya dahu. Ki yi shi da kauri, tsararon kunu ruwa ne kawai zai cika miki ciki. In kin sauke ki zuba garin madara mai maiƙo cokali biyu, da ƙaramin cokali na man shanu ko man gyaɗa, da ɗan suga ko zuma. Ranar da baki ya ƙi komai, wannan yana wucewa.

Nono yana da kyau ƙwarai, amma a tabbata an tafasa madarar kafin a yi shi, domin ɗanyar madarar shanu tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, har da wani nau'in tarin fuka. Ni ɗanyar nake saya in tafasa da kaina in kwana da ita ta zama kindirmo. Wadda madara ke sa wa gudawa ko ƙugin ciki ta gwada kindirmon, ya fi sauƙi a ciki. Ɗanyen ƙwai da ake kaɗawa a madara ko lemon kwalba wai don ƙarin jini, ki bar shi. Dafaffe ya fi amfani a jiki, kuma ba ya kawo ciwon ciki.

Ruwa ki sha shi tsakanin abinci da abinci, kofi guda kafin ci yana cinye wurin tuwo. Shayi ma ki nisanta shi da abinci da kamar awa guda, yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, ramammu da yawa kuma jininsu a ƙasa yake. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, da hanta sau ɗaya a mako, da lemon zaƙi ko gwaiba bayan an ci wake, su suka taimaki nawa jinin. Lemon kwalba da biskit da alewa kuwa ban ba su wuri ba. Suna toshe ciki, kuma ba su da abin gina tsoka. Mai ciwon suga kada ta bi tsarin nan nawa kai tsaye, dabino da zuma da fura mai suga sai da shawarar likitanta. Haka mai ciwon ƙoda game da wake da nama da ƙwai.

Na san halin da ake ciki na tsadar kaya, ni ma lokacin ɗinkin ya tsaya, ba kullum ake samun nama ba. Waken suya da gyaɗa da wake da ƙuli-ƙuli su ne naman talaka, kuma da gaske nake, waken suya fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa furotin ne. Ki sayi tiya a kasuwa lokacin kaka ki ajiye, ya fi sayen ƙulli-ƙulli araha nesa ba kusa ba. Kuɗin da za a kai kemis a sayo maganin ƙiba ya isa ƙwan kwana da kwanaki.

Abu ɗaya da nake roƙo kada ki saya shi ne abincin tamowa na leda da ake gani a wasu kasuwanni. Leda ɗaya giram 92 ce mai kalori 500, an yi ta ne domin yara masu tamowa mai tsanani, kyauta ake ba da ita a asibiti, duk wadda ta shigo kasuwa daga bakin wani yaro aka fizge ta. Tunda maganar yara ta zo, nasu lissafin daban ne da na manya. Daga wata shida zuwa shekara biyar ana auna damtsensu da wani tef mai launi, idan ya gaza santimita 11.5 ya shiga ja, ko kuma ƙafafun yaron biyu suka kumbura, asibiti za a nufa a ranar, kunu a gida ba zai wadatar ba.

Da ƙarfi ya fara dawowa, wajen wata na biyu, aka ce in fara motsa jiki don abincin ya zama tsoka. Ba gudu ba, ba tsalle ba. In zauna a kujera in miƙe sau goma, in huta, in sake. In ɗaga gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi da kowane hannu. In dafa bango in tura. Sau uku a mako, da ɗan tattaki bayan la'asar wanda ke buɗe min ciki. Azumin shekarar ya same ni ina tsakiyar magani, likita ya ce kada in yi, na tambayi malaminmu na Islamiyya ya karanto min ayar Suratul Baƙara da ta yi wa mara lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki. Na sha, na kuma rama bayan na warke.

Sikeli sau ɗaya a mako ya isa, rana ɗaya, da safe, sikeli ɗaya, kaya marasa nauyi, ki rubuta a littafi. Rubu'in kilo zuwa rabin kilo a mako shi ne tafiya mai kyau. Idan kika ga kilo biyu sun hau cikin kwana biyu ko uku, ƙafa ta kumbura, kin danna yatsa ya lotsa, ruwa ne, ki koma asibiti. Haka idan an yi wata guda kina ci yadda ya kamata sikeli bai motsa ba ko yana ƙara sauka, ko ga gudawa da ta ƙi tsayawa, ko amai, ko jini a kaki ko a bayan gida, ko abinci yana maƙalewa a wuya.

Nawa littafin yana nan. Watan farko kilo ɗaya kacal na samu, na yi kuka a ɗakin awo, nas ɗin ta ce min Hajiya ai hawa ne, ba sauka ba. A wata na huɗu sikeli ya tsaya cak mako uku a kan 45, sai na ƙara cokalin mai ɗaya a abincin rana da kofin kunu na biyu da yamma, ya ci gaba. Al'adata da ta ɗauke tun ina tsakiyar ramar ta dawo a wata na biyar. Na gama maganin tari a wata na shida aka sake gwaji aka ce babu, na kai kilo 50 a wata na takwas, lissafina ya koma 19. Lokacin da nake rage rigunana ban yanke yadin ba, ninke shi na riƙa yi ta ciki. Ranar wata Asabar na kwaso su duka na zauna da reza ina farke ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, Inna tana gefe tana tsince min gyaɗar kunun mako mai zuwa.